Yadda Ƙurar Hamada Ke Ƙetare Teku Ba Ta Zube a Hanya Ba

Wani malamin kimiyya a wata makarantar sakandare da ke Damagaram ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ɗalibansa sun kawo masa hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, an ga wani dogon harshe na ƙura ya fito daga gaɓar Senegal da Muritaniya, ya miƙe cikin Tekun Atlantika har ya kusa rabin hanya. Suka tambaye shi abu biyu. Shin wannan ƙurar ita ce hazon da ke lulluɓe mu da hunturu? Kuma yaya aka yi ƙasa, wadda kowa ya san ta fi iska nauyi, take tafiyar dubban kilomita a kan ruwa ba ta zube ba?

Malam, Allah ya ƙara wa yaran nan basira. Amsar tambayar farko ita ce: uwarsu ɗaya, wani lokaci ma ita ce ɗin dai, ta ratsa ta kanku sannan ta isa teku. Ta biyun ce mai aiki, kuma abin da nake so ɗalibanka su riƙe shi ne wannan: ƙarfin iska shi ke tayar da ƙura daga ƙasa, amma abin da ke kai ta hayin teku shi ne ƙanƙantar ƙwayoyinta da tsayin da ta samu ta hau kafin ta bar gaɓa. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan yake tafiya.

Mu fara daga inda take tashi. Mutane da yawa suna zaton daga tulin rairayi take fitowa, irin waɗanda ake gani a Tenere. Rairayi ƙwayarsa babba ce, iska tana gangara shi ne ko ta sa shi tsalle, da wuya ya wuce tsayin mutum. Ƙurar da ke hawa sama ta yi nisa tana fitowa ne daga wuraren da ruwa ya taɓa kwanciya ya bar laka mai laushi, kamar busassun tafkuna, da tsofaffin fadamu, da bakin koramun da suka gangaro daga duwatsu suka baje a fili. Ruwa ne ya niƙa garin tun da daɗewa, iska kuma ta zo ta tarar da shi a shanye.

Mafi shahara cikin irin waɗannan wurare shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, kudu maso yamma da garin Faya. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ciyawa da koguna, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kusan girman ƙasar Jamus ke nan, kuma Bodele ne wurin da ya fi zurfi a cikinsa. A ruwan nan akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ido ba ya gani, ana ce musu dayatom, kowace da ɓawonta mai kama da gilashi. Suka yi ta mutuwa, ɓawonsu yana taruwa a ƙasan tafkin shekara dubbai. Da ruwa ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai kama da alli, sakayau, wadda in ka murza ta da yatsa take zama gari. Ita ce ke sa hazon wasu kwanaki na hunturu ya zo fari fat maimakon ja.

Ga gari a shanye, saura mai kwasa. Da sanyi ya kama, daga Nuwamba zuwa Maris, iska mai nauyi takan taru a kan Libiya, daga nan ta kwararo kudu maso yamma, wajen da iska ta fi ɗumi da rashin nauyi. A kan hanyarta akwai manyan duwatsu biyu. Ta yamma akwai Tibesti, wanda ƙololuwarsa, Emi Kusi, ta haura mita 3,400, ta gabas kuma akwai Enedi. Ba ta da hanya sai ta tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin lungu ranar da ake buji ya san abin da ke faruwa: iskar da a fili take kaɗawa a hankali, in ta shiga lungu sai ta fito da ƙarfi har ta fizge wa mutum hula. To bakin wannan lungun na duwatsu a kan Bodele ya buɗe, daidai kan farar ƙasar nan. Shi ya sa wuri ɗaya, wanda in ka duba taswirar Sahara ɗan ɗigo ne kawai, ake lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Yakan yi hakan kusan kwana 100 a shekara, kuma wani ƙiyasi na 2006 ya nuna a ranar da ya tashi sosai da hunturu yakan fitar da wajen tan 700,000.

Akwai wani abu game da lokacin tashinta da nake jin daɗin bayyana wa ɗalibai, don su ma sun san shi a jikinsu. Da dare, ƙasar hamada takan huce da sauri, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi ta kwanta lamo. Wadda ke sama da ita, a tsayin 'yan ɗaruruwan mita zuwa kilomita guda, sai ta rabu da gogar ƙasa da ke riƙe ta, ta zabura da gudu kamar dokin da aka sakar wa linzami. A ƙasa shiru, a sama kogin iska na wucewa. Da rana ta fito ta fara gasa ƙasa, iskar ƙasa ta yi ɗumi ta fara tashi, ta sama ta gangaro, sai su cakuɗe, gudun nan na sama ya sauko ya bugi ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa buji ya fi kaɗawa da hantsi, ya lafa wajen la'asar. Masu binciken da suka kafa sansani a Bodele a farkon 2005 sun auna haka da na'urorinsu: ƙura ba ta tashi sosai sai gudun iska a kusa da ƙasa ya kai wajen mita 10 a daƙiƙa, kuma hakan ya fi faruwa da safe bayan fitowar rana.

Sai dai iska ita kaɗai ba ta iya ɗaga gari mai laushi daga ƙasa yadda ake zato. A zuba fulawa a faranti, a danne ta da tafin hannu ta yi sumul, sannan a hura. Za a ga da ƙyar take motsi, domin ƙananan ƙwayoyi suna manne wa juna. A watsa ɗan yashi a kai a sake hurawa, sai a ga gari ya tashi. Haka abin yake a hamada. Iska tana fara tayar da ƙwayoyi masu girman yashi, su yi tsalle su faɗo da ƙarfi, kowace faɗuwa kamar saukar taɓarya a turmi, ta fasa ɓawon lakar ta watsa gari sama, ta kuma tayar da wasu ƙwayoyin su ma su shiga tsallen. Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya yi ta ratsa hamadar Libiya da mota, shi ya fara tsara lissafin wannan a littafinsa na 1941. Abin da ya gano ya bayyana dalilin da ya sa rana guda ta iska mai ƙarfi ta fi wata guda na iska matsakaiciya: in gudun iska ya ninka sau biyu, yashin da take motsawa yakan ninka wajen sau takwas.

Yanzu mu zo kan nauyi, inda ɗalibanka suka tsaya. Gaskiyarsu, kowace ƙwayar ƙura faɗowa take yi tun daga lokacin da ta tashi. Tambayar ita ce da wane sauri. Mata masu shiƙar gero sun riga mu sanin amsar: tsaba ta faɗo a gindin mai shiƙa, ƙaiƙayi ya yi gaba kaɗan, ƙurar kuwa ta bi iska har gonar maƙwabci. Ana auna waɗannan ƙwayoyi da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kan mutum wajen maikiromita 70 ne. A cikin iskar da ba ta motsi, ƙwaya mai maikiromita 20 takan sauko kusan kilomita 3 a yini da kwana. Mai maikiromita 10 takan sauko mita 700. Mai maikiromita 2 kuwa, wajen mita 30 kacal. Dalili shi ne, gwargwadon ƙanƙantar abu gwargwadon yadda iska ke riƙe shi, don jikinsa da ke gogar iska ya yi yawa in aka kwatanta da nauyinsa.

Ka ba yaran wannan lissafin su yi da kansu. Daga Dakar zuwa tsibirin Barbados a yankin Karibiyan wajen kilomita 4,500 ne. Iskar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa tana cin kilomita 864 a kwana, saboda haka tafiyar kwana biyar ce zuwa shida. A cikin kwana shida ƙwaya mai maikiromita 10 za ta sauko kilomita 4 da 'yan kai. In ta baro gaɓa tana tsayin kilomita 5, za ta isa hayi da ɗan saura. In kuma a tsayin kilomita 1 ta baro, kwana ɗaya da rabi ta faɗa ruwa. Ƙwaya iri ɗaya, iska iri ɗaya, bambancin kawai matakin da ta tashi daga kai.

Daga nan hanyar ta rabu biyu, ta hunturu da ta damina, kuma ba su yi kama ba.

Ta hunturu ita ce wadda muka sani da idonmu da maƙogwaronmu. A wannan lokaci ƙasa ba ta da zafin da zai cilla ƙura can ƙololuwa, saboda haka takan tsaya a ƙasa-ƙasa, galibi ƙasa da kilomita 2 ko 3. Daga Faya zuwa Kano wajen kilomita 1,300 ne, kuma ƙurar kan ci wannan tazarar cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa masu hasashen yanayi a Najeriya da Nijar suke sa ido a kan rahoton Faya da Bilma. In aka ce can ba a ganin gaba yau, to gobe ko jibi Maiduguri da Damagaram da Kano su shirya, jiragen sama ma wani lokaci sukan kasa sauka. A hanya shiƙa na ci gaba: manyan ƙwayoyi suna zuba a gonakinmu da tagoginmu, masu laushi suna wucewa kudu. Layin da busasshiyar iskar arewa ke haɗuwa da iskar teku mai laima, wanda da damina yake hawa arewa har ya wuce Agadas, da watan Janairu yakan koma kusa da gaɓa. Sai hazo ya isa Legas da Kwatano da Akra, ya fita kan Mashigin Tekun Gini, ya kuma bi yamma ta kan Gini da Saliyo. Daga can iskar da ke kaɗawa kullum daga arewa maso gabas ta ɗauke shi zuwa Kudancin Amurka, zuwa Giyana da arewacin Barazil. Daga Bodele zuwa dajin Amazon tafiyar wajen kwana goma ce.

Kuma ba ƙura kaɗai ke wannan tafiyar ba. Lokacin hunturu shi ne lokacin ƙona daji a duk faɗin yankin da ke kudu da mu, daga Gana zuwa Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Jiragen binciken da suka yi ta tashi daga Yamai a farkon 2006 sun tarar da abin hawa-hawa: ƙurar hamada a ƙasa, hayaƙin gobarar daji a samanta, yana kaiwa tsayin kilomita 4 ko fiye. Ƙwayoyin hayaƙi sun fi na ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka sukan daɗe a sama.

Hanyar damina ce ke ba da irin hoton da ɗalibanka suka gani, kuma ita ce mai ban mamaki. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu nan muke cikin ruwa da kore, tsakiyar Sahara ta yamma, wato arewacin Mali da kudancin Aljeriya da gabashin Muritaniya, tana cikin zafin da babu kamarsa. Ƙasa takan gasa iskar da ke kanta har ta riƙa tafasa kamar ruwa a tukunya, tana juyawa sama da ƙasa zuwa tsayin kilomita 5 ko 6. Duk ƙurar da ta shiga wannan tukunyar sai ta watsu daga ƙasa har bakinta. Mai zuba ƙurar kuwa, a mafi yawan lokuta, hadari ne. Ka san iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, ta taho da jan bango na ƙura, ko holoƙon da ke tashi ba ruwa a bayansa. Ruwan da ke zuba daga gajimare yakan ƙafe a cikin busasshiyar iska, ya sanyaya ta, ta yi nauyi ta faɗo ƙasa ta bazu da gudu tana share duk abin da ta tarar. A Sudan habub suke ce masa. A bakin hamada irin wannan bango yakan yi tsawon ɗaruruwan kilomita, ya kutsa arewa cikin dare, washegari zafin rana ya ɗaga ƙurarsa sama.

To sai wannan tulin iska mai zafi da ƙura ya gangaro yamma ya iso gaɓar Muritaniya da Senegal. A nan ne asirin yake. Ruwan tekun wannan gaɓar yana da sanyi, iskar da ke kansa ma mai sanyi ce da laima, saboda haka ta fi iskar hamada nauyi. Da suka haɗu, ta teku sai ta shige ƙarƙashi, ta hamada ta hau kanta ta zauna kamar yadda man gyaɗa ke zama a kan ruwa. Daga nan ƙurar ta rabu da ƙasa ke nan. Tana tafiya a wani bene nata na daban, wanda ke farawa daga tsayin wajen kilomita 1.5 ya kai 5 ko 6. Iska mai zafi a kan mai sanyi ba ta son cakuɗuwa, don haka tsakaninsu kamar akwai rufi: gajimaren teku ba sa iya huda shi su hau, ruwan sama ba ya samuwa a cikinsa balle ya wanke ƙurar. A cikin benen kuma akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a tsayin kilomita 3 zuwa 4, ita ke tura ayarin gaba. Masana suna kiran wannan bene shimfiɗar iskar Sahara. Takan fito daga gaɓa rukuni-rukuni, duk bayan kwana uku zuwa biyar. Matuƙin jirgin ruwa da ke ƙarƙashinta yana iya shaƙar iska mai tsabta, amma in ya ɗaga kai sai ya ga sama ta yi fari-fari, rana kamar faifan azurfa.

Nawa ne ke fita, nawa ke isa? Hukumar NASA ta Amurka ta harba wani tauraro mai suna CALIPSO a 2006, wanda har zuwa 2023 ya riƙa harba haske ƙasa yana auna tsayin da ƙura take. Daga awonsa na 2007 zuwa 2013 aka ƙiyasta cewa a shekara tan miliyan 182 ne ke barin gaɓar Afirka ta yamma. Kafin a kai kusa da Kudancin Amurka saura tan miliyan 132, wato miliyan 50 sun riga sun zube a teku. Wajen tan miliyan 27.7 na sauka a yankin Amazon, wajen miliyan 43 kuma su wuce Karibiyan. Mafi yawan zubewar a tsakiyar teku tana faruwa ne inda ƙurar ta taɓo layin hadarin da ke kewaye duniya kusa da tsakiyarta, ruwan sama ya wanke ta lokaci guda. Game da wurin da ƙurar Amazon ta fi fitowa, an daɗe ana cewa Bodele ne, amma wani bincike na 2020 ya nuna kason da ke fitowa daga hamadar da ke tsakanin Muritaniya da Mali ya fi yawa, domin ta Bodele tana zubar da kaya mai yawa a kanmu kafin ta ga teku. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini, ko don abin da muke sharewa a ɗakunanmu kowace safiya ta hunturu.

Ba yau aka fara lura da abin ba. A Janairun 1832, Charles Darwin yana cikin jirgin ruwan Beagle kusa da tsibiran Cape Verde, ya ga sama ta yi hazo, gari mai laushi yana sauka a kan jirgin. Aka tattara irin wannan ƙura aka aika wa wani masani a Jamus, Christian Ehrenberg, ya duba ta da madubin ƙara girma, ya tarar da ɓawon ƙananan halittu, da yawansu na ruwan daɗi ne ba na gishiri ba. Halittun tafki a tsakiyar teku, iska ce ta kawo su.

Awon da ya fi taɓa ni shi ne na Barbados. Tun 1965 ake tace iska a gaɓar gabashin tsibirin ana auna ƙurar da ke cikinta, aikin da Joseph Prospero na Jami'ar Miami ya shafe rayuwarsa a kai. Da aka jera alƙaluman shekara da shekara, sai aka ga ƙurar ta ninka kusan sau huɗu tsakanin shekarun 1960 da farkon shekarun 1980. Waɗannan su ne shekarun farin da iyayenmu ba sa mantawa, na 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Yunwar da aka yi a Damargu da Adar da arewacin Katsina ta bar shaida a takardar tace iska a wani tsibiri mai nisan dubban kilomita. Ina ganin ya kamata yaranmu su san wannan, su san abin da ya sami ƙasarsu yana rubuce a wurin da ba su zata ba. A ƙasan teku ma haka: lakar da aka haƙo daga gindin ruwa kusa da Muritaniya ta nuna ƙura ta ƙaru sosai wajen shekara 5,500 da suka wuce, lokacin da Sahara ta bushe.

Abin da ƙurar ke yi in ta sauka yana da faɗi, zan taɓa kaɗan. Tsakiyar teku wuri ne mai ƙarancin abinci ga ƙananan tsirran da ke yawo a saman ruwa, waɗanda su ne tushen abincin kifi. Ƙurar hamada tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda shi ke ba ta launin ja, da kuma fosfaras. Wasu ƙwayoyin halitta na teku suna buƙatar ƙarfen nan kafin su iya jawo naitirojin daga iska, kamar yadda saiwar gyaɗa da wake ke yi wa gona. Saboda haka saukar ƙura taki ne ga teku. A Amazon kuwa, inda ruwan sama ke wanke ƙasa ba dare ba rana, an ƙiyasta ƙurar na kai tan 22,000 na fosfaras a shekara, kusan daidai da abin da ruwa ke kwashewa. A sama, busasshiyar iskar nan mai zafi tana shaƙe hadarin da ke neman zama mahaukaciyar guguwar teku, shi ya sa masu hasashen yanayi a Amurka suke bin sawunta kullum da damina.

Amma ba alheri kaɗai take kaiwa ba. A Yunin 2020 wani rukuni mai kaurin da aka daɗe ba a ga irinsa ba ya rufe Karibiyan har kudancin Amurka, aka riƙa gargaɗin masu asma su zauna a gida. A Fabrairun wannan shekarar dai, ƙura ta sa an rufe filayen jiragen sama a tsibiran Kanari. Mu da muke bakin tushe mun fi kowa shaƙa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce ƙwayoyin da ba su kai maikiromita 10 ba kada su wuce maikirogiram 45 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska, wato cikin akwati mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya, a kwana, alhali ranar hazo mai kauri a Sahel ana samun ɗaruruwa. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, kuma lokacinsu ne lokacin da sanƙarau ke yaɗuwa. Ka gaya wa yaran rawani da takunkumi ranar hazo ba ado ba ne, musamman ga tsofaffi da jarirai da masu ciwon ƙirji.

Wannan tsari na lungu da busasshiyar laka da teku a gaba yana maimaituwa a wasu wurare. A gabashin Sudan akwai wata kafa a duwatsun da ke bin gaɓar Bahar Maliya, kusa da Tokar. Da damina iska na kutsowa ta cikinta, ta kwashi lakar da kogin Baraka ya baje, ta watsa ta kan teku wajen gaɓar Saudiyya. A Iraƙi da Kuwaiti iskar arewa maso yamma da suke kira shamal tana zuba ƙura a Tekun Fasha. Iskar kudu da 'yan Libiya ke kira gibli tana ƙetare Bahar Rum da ƙura, kamar a Maris na 2022 da sama ta yi ja a Sifaniya, ƙanƙarar kan duwatsun Turai ta rine. A gabashin Asiya kuma ƙurar hamadar Gobi da Taklamakan takan ƙetare Tekun Pasifik, kamar yadda ta yi a Afrilun 2001 har ta isa Arewacin Amurka.

Lissafin saukar ƙwayoyi da na ba ka daidai ne, amma ƙura tana karya shi wani lokaci. A 2018 masu bincike suka ba da rahoton ƙwayoyin da suka kama a tarkunan da aka girka a kan teku, kilomita 2,400 da 3,500 daga gaɓar Afirka, wasu har maikiromita 450, girman yashi sosai. A lissafi, ya kamata irin waɗannan su faɗi cikin 'yan sa'o'i. Ana nazarin dalilai da dama: juyawar iska a cikin shimfiɗar da ke sake ɗaga su, hadarin da ke zuƙe su ya mayar da su sama, da kuma cajin lantarkin da ƙwayoyi ke samu in suna gogar juna, irin tartsatsin da bargo ke yi da hunturu. In akwai mai sha'awa a cikin ɗalibanka, ga fili nan a buɗe, kuma tashoshin da ke auna ƙura ta hanyar duban rana suna kusa da mu, ɗaya a Banizumbu kusa da Yamai, ɗaya a Ilori.

Ga abin da za ku iya yi a aji ba tare da kashe kuɗi ba. In hunturu ya kama, ku sami faranti mai faɗi, ku zuba ruwa mai tsabta kaɗan, ku ɗora a kan rufin aji inda ƙurar ƙafa da ta mota ba ta kaiwa. Bayan kwana uku na hazo ku sauko da shi, ku juye a kwalba, ku girgiza, ku ajiye, yara su riƙa duba agogo. Wani kaso zai kwanta cikin minti guda, wani sai bayan sa'a, wani kuma har washegari ruwan bai washe ba. Na farkon shi ne irin wanda tafiyarsa ke ƙarewa a ƙasarmu, na ƙarshen shi ne irin wanda ke isa Barazil. In makarantarku na da madubin ƙara girma, ku ɗiga ɗigo ɗaya daga na tsakiyar a kan gilashi ku duba da kyau. An sha samun gutsattsarin ɓawon dayatom a ƙurar hunturun da aka tara a Kano, masu kama da 'yan ƙananan ganguna da ramuka a jere, kuma Damagaram ta fi Kano kusa da Bodele.